Jar Wayar da Ke Zaman Banza

Kawu Bulus ya sayi tsohon jirgin ruwa a Ladywood da ke Birmingham, ni kuwa na taso daga Manchester da sukudireba da kurin da ya fi jirgin nauyi. Zan haɗa masa GPS mai nuna hanya da rediyo da na'urar auna zurfi.

"Kai yaro, ka tabbata ka iya?"

"Haba Kawu, physics fa nake yi!"

GPS ya ƙi kamawa. Na hango wata jar waya tana zaman banza, na cire ta na jona masa. Allo ya haska, na ce a tafa mini.

Muka tada jirgi. Muna tsakiyar canal, wato kogin da aka haƙa, sai matar Kawu, Anti Rifkatu, ta ce, "Bulus, me ke jiƙa mini ƙafa?"

Ashe wayar famfon da ke fitar da ruwan yoyo na cire. Ruwa ya kai idon sawu. Kawu yana ihu, Anti tana addu'a tana kwarfa da tukunya, ba wanda ya iya iyo. GPS kuwa yana nuna mana daidai inda za mu nutse.

Da ƙyar muka kai gaɓa. Har yau, ko makunnin fitila na taɓa, sai kowa a gidan ya ɗage ƙafafunsa.