Karen Shugaba Tanase

Ranar 14 ga Maris, 2019, da ƙarfe huɗu saura kwata, Yallaɓai Ovidiu Tanase ya fara haɗuwa da Baron a ƙofar benen nan mai hawa goma da ke titin Dorobantilor a birnin Braila. Littafin taron mazauna benen ya nuna mutum shida ne suka shaida. Baron kare ne mai launin ƙasa. Yallaɓai kuwa shugaban ƙungiyar mazauna benen ne, shekara goma sha ɗaya, kuma a tsawon wannan mulki ba a taɓa samun bango ɗaya da ya kwana babu sanarwa ba. Shi ya sa ake kiransa Sarkin Manna, amma a bayan ido.

Likita ce ta jawo. Ta auna jininsa, ta auna tumbinsa, ta ce ya nemi kare ya riƙa fita da shi safe da yamma. Wani zai ji wannan ya tsorata. Shugaba ya ji, ya hango zaɓen Oktoba. Kujera ta fara rawa tun da rufin ya soma yoyo, ga kuma dama ta zo da ƙafa huɗu.

Washegari ya tara jama'a a bakin ƙofa.

"Maƙwabta, 'yan'uwa! Kimiyya ta yi magana, ni ma na amince da ita. Kare yana sauke hawan jini, yana korar kaɗaici, yana ƙara wa zuciya shekaru. Wannan karen ba nawa ba ne ni kaɗai, asibiti ne na kawo muku har gida. Wane shugaba ne ya taɓa yi muku haka?"

Babu. Ba su taɓa yin wani shugaban ba.

Kwana biyu ya fita da Baron. A na uku ya gano cewa mutum mai riƙe da jama'a bai kamata a gan shi a titi yana tsugune da leda a bayan kare ba. Saboda tsabar tausayin talakawa, sai ya zana jadawali ya manna: kowane gida da ranarsa. Shi kuma ya ɗauki aiki mafi nauyi, wato sa ido. Yakan zauna a bencin ƙofa da soyayyun 'ya'yan kabewa, yana ɓarewa yana duba agogo.

"Madam Lukretia, minti ashirin kacal? Har bakin kogi na ce. Lafiyarki nake nema miki."

"Kai fa, maƙwabci? Yaushe rabonka da kogin?"

"Ni ina tafiya ne da tunani, Madam."

Dokin mai baki ya fi gudu.

Madam Lukretia Ghinea, bazawara ce daga hawa na bakwai, ta fara da sanda da mita. Kafin Yuni ta manta sandar a kantin burodi, ba ta koma nema ba. Tsoho Zamfir, wanda ya shekara uku bai sauko daga hawa na tara ba sai ranar karɓar fansho, ya soma raka ta ko ba ranarsa ba ce. A Agusta mutum tara ne ke bin kare ɗaya zuwa bakin kogin Danube. Mutanen da a da ko gaisuwa sai a dole, yanzu suna tafe suna hira. Hirar rufi. Hirar lif, na'urar hawa bene. Hirar wanda ya yi alkawarin gyara su.

Shugaba yana hango su daga benci, zuciyarsa fara tas. "Dubi aikina," yake cewa, yana kakkaɓe ɓawo daga tumbi.

Aka sa zaɓe ranar 19 ga Oktoba, ƙarfe biyar, a ɗakin shanya da ke hawa na goma, don nan kaɗai ke ɗaukar kowa. Da azahar lif ya tsaya, kamar yadda ya saba. Jama'a suka dawo daga yawo da Baron, suka kama matakala suna raha. Madam Lukretia ta wuce Shugaba a hawa na biyu. Tsoho Zamfir ya same shi a na huɗu rungume da ƙarfen matakala, jawabinsa mai shafi takwas ya jiƙe da gumi.

"Yallaɓai, a aiko maka da kujera?"

"Ku... jira ni. Ba a... buɗe taro... sai da ni."

Baron ya tsaya, ya shinshine shi, ya bi Zamfir.

An jira shi minti ashirin, kamar yadda dokar da shi ya rubuta ta tanada. Ya iso biyar da minti arba'in da ɗaya, ana tafa wa Madam Lukretia: ƙuri'a talatin da huɗu, babu hamayya.

An gyara rufin a Afrilu. Baron ya koma hawa na bakwai da kansa, ba wanda ya kira shi. Yallaɓai Tanase yana nan a bencinsa. Ya rubuta wa jaridar gari wasiƙa uku yana faɗakar da jama'a cewa zancen amfanin kare ga lafiya ƙarya ce tsagwaronta, kuma shi shaida ne: ya riƙe kare wata bakwai, ya ƙaru da kilo shida.