Abarshi Ya Ƙi Zama Bashir

A wani ƙauye na ƙasar Gobir akwai wata mata, Inna Tune, da ɗanta guda. 'Ya'yan da ta haifa kafinsa duk sun koma, shi ya sa da ya zo ta sa masa Abarshi, wato roƙo ne a bar mata shi. An kuwa bar shi, ya girma ƙato, sai dai yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta.

Wata rana ya shirya tafiya Kaduna wurin kawunsa Ilu mai sayar da hatsi. Inna ta ce, "Ka riƙe sunanka. Wanda ya kira ka da wani, kada ka amsa." A tasha direba ya dubi wani buhu da ya yi wa mota yawa, ya ce, "A bar shi a ƙasa!" Abarshi ya ce, "To," ya sauko ya zauna a ƙasa. Mota ta tafi. Sai washegari ya isa, a bayan motar albasa.

Kawu Ilu ya ce, "Nan birni ba a san wannan suna ba, dariya za a yi mana. Daga yau kai ne Bashir." Wata rana ya ƙwala kira, "Bashir!" Abarshi ya tashi da sauri ya shiga kasuwa. Can ya dawo da tela da mahauci da wani mai gyaran waya, duk sunansu Bashir, ya ce, "Kawu, ga su. Zaɓi wanda kake nema."

Tun da an ce ba a san sunan ba, sai ya ƙudura sanar da shi. Wata rana ya bi rumfa-rumfa yana faɗa, ana ta dariya, har ya zo wurin wata Bayarabiya mai sayar da robobi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambayi ma'anarsa, ta jinjina kai, ta ce, "Mu ma muna da irinsa. Ɗana mai tuƙa keke sunansa Malomo, wato kada ka sake tafiya. Mamanka ta yi kuka da yawa."

Da ya ba Kawu labari, Kawu ya fusata. "To hau tsibin buhunan can ka faɗa wa duniya sunanka, ka huta!"

Abarshi ya hau har ƙololuwa. Daidai lokacin an yi ihun ɓarawo, jama'a sun rutsa da Malomo, wanda aka gani ɗauke da jakar wata fasinja, har an fara ɗaga sanduna. Sai suka ji murya daga sama kamar aradu: "Abarshi! Abarshi!" Kowa ya tsaya yana waige, an ɗauka wani babba ne ya ba da umarni. Kafin su farga mai jakar ta iso tana haki, ta ce mantuwa ta yi a kekensa, biyo ta yake ya ba ta.

Da yamma Iya Malomo ta zo rumfar Kawu ita da 'yan kasuwa, ta ce, "Alhaji, an ce kana so ka canja wa yaron nan naka suna?"

Kawu ya sosa ƙeya, ya ce, "A'a, a bar shi."

Daga bayan buhuna aka ce, "Na'am, Kawu!"