Rasuwar Gimbiya Mai Gaisuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta hana shi leƙa majalisa, Malam Abdulmumini Mai Masara na garin Dangora yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka riga suka ji suka sha dariyarsu, rasuwar motarsa wadda aka fi sani da Gimbiya. Ta cika ranar Asabar bayan la'asar, a ƙofar rugar Arɗo Ladan, a gaban jama'ar biki, tana durƙushe.

Marigayiyar baƙa ce wuluk, doguwa, mai faɗin ƙirji. An haife ta a Turai, ta yi ƙuruciyarta a hannun masu hali, sannan ta biyo jirgin ruwa ta sauka Kwatano. Shekarunta kuwa Allah kaɗai ya sani. Dillalin da ya haɗa su a Kano ya rantse cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ba ta zuwa ko'ina da ita sai asibiti. Daga baya Idi makanike na Kwanar Dangora ya leƙa ƙarƙashinta, ya fito yana karkaɗe riga, ya ce in dai haka ne, lallai asibitin nan da nisa yake.

Mai makoki ya so a tsallake yadda aka yi ta shigo gidansa, amma sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce. Yana da shanun huɗa biyu, Fari da Gajere. Da rani suna rugar Arɗo Ladan ana yi masa kiwonsu, amanar da ta faro tun zamanin iyayensu. Damina na faɗuwa sai ya karɓo su ya shiga gona. To, bara masara ta yi albarka, kai ya ɗau zafi. Ya je ruga ya ce a fito masa da shanunsa zai sayar. Arɗo ya tambaye shi da me zai yi huɗa bana. Malam Abdulmumini ya ce ai zamanin bin bayan sa ya wuce, tarakta zai ɗauko haya. A gaban 'ya'yan Arɗo ya faɗi haka, har da 'yar dariya. Ya kora shanun kasuwar Tudun Wada, ya haɗa da abin da ke rumbu. Da maiɗakinsa Furera ta buɗe baki, ya ce mata ita me ta sani game da mota.

A yi wa marigayiya adalci, tana da halaye na gari. Ƙofarta ba ta ƙara, sai dai ka ji tub, a hankali. Idan an tashe ta takan ce ting, ting, ting, da murya mai daɗi, ba wanda ya san abin da take nufi. Kujerunta na fata suna ɗumama wa mutum mazaunai, alherin da ba wanda ya roƙe ta a tsakiyar bazara, kuma har ta rasu ba a gano inda ake kashe shi ba.

Amma babban halinta shi ne ladabi. A ƙafafunta akwai jakunkunan iska. In aka danna wani maɓalli sai ta ce fsss, ta yi ƙasa har cikinta ya kusa taɓa turɓaya. In aka sake dannawa ta ce ɗrrr, ta miƙe. Masu ita na farko, an ce, don shiga da kaya suke yin haka. Malam Abdulmumini kuwa da ya gani sai ya ce wannan ai gaisuwa ce. Shi ke nan, Gimbiya ta shiga uku. Ta durƙusa wa liman. Ta durƙusa wa dagaci. Ta je Bebeji ta durƙusa wa surukinsa, dattijon ya rasa abin yi ya amsa mata da lafiya lau. Ranar Juma'a ba ta barin ƙofar masallaci sai ta gaida sahu guda, kai, har mai shayi ya samu rabonsa. Idi ya ja shi gefe ya ce injin da ke hura iskar nan ba don gaida ƙaramar hukumar Kiru aka yi shi ba, kuma in ya mutu sai an aika Legas. Malam Abdulmumini ya ce Idi baƙin ciki yake yi.

Jinyarta ta faro da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta kunnu a gaban direba. Da ta dame shi da kallo, sai ya sayo sitika mai addu'ar tafiya ya manna a kai. Wata ta kunnu, ja, ya ƙara sitika. Kafin wata ya ƙare gaban motar ya cika da addu'o'i, ko allurar mai ba a gani. Ta tafasa a hanyar Bagauda. Ta koma shan baƙin mai kamar kunu. Wata safiya aka tarar da ita ta karkace gefe guda, irin zaman mai ciwon ƙugu. Abin da aka tanada don tarakta duk ya bi ta bakinta. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi huɗa suka shuka, gonar Mai Masara tana nan ciyawa har gwiwa.

Ana cikin haka Arɗo Ladan ya tashi aurar da 'yarsa Raihana, za a kai ta Bebeji. Ba wanda ya nemi mota wajen Malam Abdulmumini, shi ya aika cewa Gimbiya ce za ta ɗauki amarya. So yake Arɗo ya gani da idonsa cewa ba wauta ya yi ba. Furera ta bi shi har zaure tana roƙonsa don girman Allah ya tsaya kawai a ɗauki yarinya, ban da gaishe-gaishen nan. Ya ce ya ji.

Ina! Da ya iso ya ga dattawa jere kan tabarmi, Arɗo a tsakiya, mata sun yi cincirindo, sai yatsa ya tafi da kansa. Fsss. Gimbiya ta durƙusa a gaban Arɗo, aka rangaɗa guɗa. Aka shigar da amarya da gwaggwanninta, aka rufe ƙofa, tub. Ya danna don ta tashi. Ta ce ɗr, ɗr, ƙit. Ta ce ting, sau ɗaya. Wannan ce maganarta ta ƙarshe a duniya.

Ya danna har yatsa ya yi zafi. Gumi ya jiƙa babbar riga. Aka fito da amarya daga ɗumin kujera sharkaf, aka ɗora ta a gaban a-kori-kurar da ta ɗauko kayan ɗaki. Kuma ba wanda ya yi dariya. Mutanen ruga da kunya, kowa ya kau da kai yana duban wani wuri, wani dattijo har da yi masa sannu. Wallahi da sun yi dariyar da ta fi masa sauƙi.

Ga shi gawar ta tare burtalin da shanu ke bi su dawo gida, yamma kuma ta yi. Arɗo ya yi wa ƙanensa Sagir magana da Fulatanci a hankali. Jim kaɗan sai ga Sagir da shanu biyu a karkiya. Fari da Gajere. Ashe tun ranar kasuwar Arɗo ya tura aka saye su daga hannun dillali, bai gaya wa kowa ba. Suka ja Gimbiya tana kartar ƙasa zuwa gindin ɗorawa. Da aka kwance igiya, Fari ya matso ya shinshina hannun tsohon ubangidansa. Malam Abdulmumini bai iya ɗaga kai ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi huɗu, da safaya wadda sai yanzu aka gano ba tata ba ce, da sitikoki masu yawa. Ta bar Idi makanike, wanda ya yi rashin babbar majinyaciya. Ta bar Furera, wadda har yau ba ta ce ai na faɗa maka ba, sai dai 'yan waƙe-waƙe da take yi in tana daka. Ta kuma bar gona ba huɗa.

Jana'iza ranar Alhamis da hantsi. Babu wanka, babu salla, ƙarfe ce. Idi zai cusa katako a ƙafafunta ta ɗan ɗago, Fari da Gajere su ja ta zuwa wajen 'yan gwangwan a Kwanar Dangora. Bisa roƙon mai makoki, za a bi ta bayan gari, ba ta ƙofar masallaci ba.

Zaman makoki a gona za a yi shi, domin Arɗo ya aiko cewa in shanun sun sauke gawa kada a wahalar da su da dawowa ruga, su tsaya wajen tsohon ubangidansu har a gama huɗa. Mai zuwa ta'aziyya zai same shi a can yana bin bayan sa, kuma ana so ya taho da fartanya.

Kafin a ɗauki gawa, mai makoki zai fara shiga ruga ya durƙusa a gaban Arɗo Ladan da gwiwoyinsa na kansa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya raka shi.