Gumbar Yazidu

"...Lafiya lau, tsohuwa. Ashe kin kwana? Ni har na jiƙa gero."

Ƙarfe bakwai ne na safiyar Talata. Zakariya'u, malamin lissafi a lise, babbar sakandare, yana duba takardun ɗalibai a rumfa, yana jin ɗansa Yazidu, mai shekara goma sha tara, yana gaida kakarsa Ajuma yadda suka saba.

"Geron me, ja'iri?"

"Na gumbar sadakarki. Ranar da kika tafi, dunƙule bakwai zan ci."

"Ji mijin banza! Ni zan ci taka, in kora da ruwa, in yi gyatsa."

Ƙarfe takwas Yazidu ya kawo mata wayarsa. Tun da ya ci jarrabawar bak, ta gama lise, yake neman kart girafik, abin da ke zana hotunan wasa a ordinater, wato kwamfuta. Biyu ya ware.

"Dubi dogon zanen nan. Babban ke nan. An gwada shi, hoto ɗari da arba'in yake fitarwa kafin ki ce ɗaya. Ƙaramin saba'in."

"Gilashin ordinater ɗin naka nawa yake iya nunawa?"

"Sittin."

"Sauran tamanin ɗin wa zai kalla? Mutanen ɓoye?"

"Ba za ki gane ba. Ke da rediyo ma sai kin gaishe shi."

"A ina aka gwada shi?"

"Turai."

"A ɗakin sanyi, ke nan. Nan Gaya fa? Zafin da ke dafa ƙwai a aljihu, ga kuran, wutar lantarkin da ke leƙo mu kamar baƙo mai sauri. Ƙaramin yana ina?"

"Shagon Siddo, bayan tasha."

"Babban fa?"

"Malanville, ƙetaren kogi."

"Gada a rufe, kogi ya cika, za ka ƙetare don hotunan da idonka ba zai gani ba. Wallahi na yi asarar aure."

"Baba, don Allah duba mata lambobin."

Zakariya'u ya karɓi wayar, ya duba a tsanake, ya ce, "Lissafin daidai ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ƙarfe goma Ajuma ta miƙo leda uku.

"Ƙunshe dodon naka, kada ya sha ruwa. Kai ban damu ba, ko kifi ba zai ci ka ba, ƙashi ne zalla."

"Ki yi ƙoƙari kada ki mutu kafin in dawo."

"Ina nan. Kai dai."

Ya fita yana dariya. Bai kashe ordinater ba, kuran ne ya ɗauke.

Ƙarfe huɗu da kwata kwalekwalen da ya shiga ya kife, a hanyar dawowa. Ranar Alhamis aka samo gawarsa. Ranar Juma'a wani masunci ya yi sallama, riƙe da kwalin kart ɗin cikin leda uku. Ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Rigunansa an kai Karakara, wajen 'yan uwan mahaifiyarsa. Littattafan, Zakariya'u ya ajiye su a ajinsa. Siddo ya nemi ya karɓi kwalin ya sayar musu, Ajuma ta hana. Ta ce a mayar da ordinater ɗakinta, a jona, a ɗora kwalin a kai.

Ranar sadakar bakwai ta daka gumba da hannunta, ba ta ɗanɗana ba. Bayan azahar kuran ya dawo. Zakariya'u yana tsakar gida ya ji fankar na'urar ta tashi da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Sai muryar mahaifiyarsa.

"Ashe ka dawo? To, shigo."

Shiru, sai ƙugin fanka. Ta saurara, kamar ana ba ta amsa.

"Ƙarya kake! Ni na ce zan ci, ai wasa ne. Kai ma ka san wasa ne."

Ya matsa bakin ƙofa. Tana zaune gaban gilashin, ta jera dunƙule bakwai a faifai kusa da kwalin.

"Ga su nan, na biya tun ban tafi ba. Ka yi nasara, maigida. Naka ya fi." Ta yi 'yar dariya, ta tura faifan gaba. "Sittin ɗin bar mini. Tamanin ɗin ka kalla a can."