Bauna a Bakin Rijiya

A wani daji da kogi ɗaya ke shayar da shi, rani ya yi tsanani har kogin ya koma yashi, dabbobi suka haɗu suna haƙa rijiya a tsakiyarsa. Aiki ya ƙi ci gaba, sai magana ta fara yawo cewa Bauna ce ke jawo baya, wai wuni take yi tsaye tana tuƙa, ga igiya a wuya.

Majalisar dajin ba ta aiki da jita-jita, sai ta sa Dila ya auna yadda aikin kowa ya rataya a kan na wani. Ya tara ma'aikatan a gaban Zaki, shugaban majalisa, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya: "Wa kake jira kafin ka yi naka?" Kowa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe." Dila ya bayyana cewa tunda ba mai jiran wani, duk wanda aka gani tsaye rago ne. Aka yanke cewa a zama na gaba za a cire Bauna daga aikin. Dokar kuwa ita ce wanda bai haƙa ba, ba zai sha ba.

Akwai wata tsohuwar bushiya, Inna Yalwa, wadda ta daɗe a majalisa kafin ƙafa ta hana ta zuwa kullum. Da labari ya iske ta sai ta ce, "Ban taɓa ganin rago ya zaɓi tsakar rana ya yi lalacinsa ba, ga inuwa." Ta lallaɓa zuwa kogi.

Ta sami gindin sabara ta zauna, ba ta tambayi kowa komai ba, sai kallon inda idon kowa yake. Bauna na kallon bakin rami. Biri, mai cika kwandon da Bauna ke ja, yana leƙen ƙasan rami. Gyado mai haƙa yana can ciki ya ɗaga kai yana duban gaɓar kogi. A kan gaɓar kuwa Giwa ce tsaye da itatuwan da ake tokare ramin da su don kada ya rufta.

Inna Yalwa ta gangara wajen Biri. "Ɗan nan, kwandonka ya sha hutu."

"Inna, me zan zuba? Iska?"

"Ka gaya wa Dila haka?"

"In ce Gyado ke tsai da ni? Tare muka tashi fa. Da wane ido zan kalle shi gobe?"

Ta leƙa rami. Gyado ya ce muddin ba a kafa itace ba, in ya ƙara tono ko kaɗan nan ne kabarinsa. "Amma Giwa ta haife ni, Inna. Ni ba zan kama sunanta a gaban manya ba."

Hawan gaɓa ya ba Inna Yalwa wuya, ta huta a hanya, ta dai kai. Giwa ta nuna mata tulin yashin da aka fitar daga rami, ya toshe gangaren da take bi. Kwashe shi aikin Bauna ne, Bauna kuwa an ce kada ta bar igiya sai kwando ya fito.

"Hajiya, ai da ƙafa ɗaya za ki ture shi."

"Ni aka naɗa mai itace, ba mai shara ba."

"To ki ce Bauna kike jira."

Giwa ta kaɗa kunne. "Ni? Jiran Bauna? A gaban jama'a?"

Ranar zama Inna Yalwa ta riga kowa isowa. Da aka kira Bauna, tsohuwar ta nemi izini ta ce:

"Ranka ya daɗe, Malam Dila ya yi aiki, ya yi tambaya, an kuma ba shi amsa. Sai dai ya tambayi 'yan dajin nan abin da ba a raine su su faɗa ba. Ƙarami ba ya cewa babba ya tsai da shi, babba ba ya cewa yana jiran ƙarami, aboki kuma ba ya kai ƙarar aboki. Abin da Malam ya auna tarbiyyarmu ce, kuma ya same ta lafiya lau. Aikin rijiya dai har yanzu ba a auna shi ba."

Dila ya gyara zama. "Inna, da bakinsu suka faɗa, kowa na ji."

"Shi ya sa suka faɗa, ɗana, don kowa na ji. Ni ba tambaya na zo a sake ba. A tashi a je kogi, a kwance wa Bauna igiya na ɗan lokaci, a ga wanda zai motsa. In ba wanda ya motsa, a haɗa ni da ita a hana mu ruwan."

Zaki ya ce rana ta yi zafi. Inna Yalwa ta ce za ta jira ta yi sanyi, ta kuma zauna a bakin ƙofa inda ba mai fita sai ya taka ƙayar jikinta. Aka tashi aka tafi.

Aka kwance Bauna, ta ture yashin gefe. Giwa ta gangaro da itace, Gyado ya kafa ya shiga tono, Biri ya cika kwando ya ɗaga kai yana neman mai ja. Sai a lokacin aka ji wani ya faɗa da bakinsa: "Ina Bauna? Ita nake jira."

'Yan majalisa suka koma gefe suka daɗe suna shawara. Daga bisani Dila ya sanar cewa majalisa, cikin tausayinta, ta yi wa Bauna afuwa ganin ta gyara halinta. Bauna ta durƙusa ta yi godiya, ta koma ta sa wuya a igiya. Da rijiya ta kawo ruwa ta sha tare da kowa.

Ba ta taɓa yin lalaci ba. Kwando take jira.