Robar da Na Ƙwace wa Baba

Na manta taken babi na uku na kundin digirina, na manta sunayen biyu daga cikin malaman da suka yi mini tambayoyi ranar kare shi, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da ta biyo baya ba, ranar da na kusa juye wa malamata ruwan wankanta kaf a kan ciyawa, a gaban mahaifina.

Shekara huɗu na yi a Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa, ina bincike a kan yadda ruwa ke tafiya a cikin bututu. (Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba.) Da lokacin kare aikin ya zo, sai na kawo Baba daga gida ya gani da idonsa. Baba manomin albasa ne a ƙasar Tawa, a Nijar. Tun ina goye yake fama da injin ban-ruwa da tiyo a bakin lambu, kuma albasar nan ce ta riƙe ni a makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata."

Madam Odil, malamar da ta duba aikina, ta gayyace mu cin abinci a gidanta da ke bayan garin Lyon. Ni kuwa tuni na gaya mata babana ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tunda yana sayar da albasar, amma na san abin da nake so ta hango: wani alhaji a kanti ƙarƙashin fanka, ba dattijo tsugune cikin taɓo ba.

Da safe na goge masa farar rigar da muka saya a Barbès ranar da na tarbo shi a Paris. Ina laluben aljihun tsohuwar rigarsa don in mayar masa da carbinsa, sai na ji wani abu a naɗe. Roba ce baƙa, doguwa, irin wadda ake yankowa daga cikin tayar keke. Duk mai lambu a garinmu da ita yake yawo.

"Baba, har Faransa?"

"Ai ba ta da nauyi, Uwata."

Ya miƙo hannu zai mayar da ita sabon aljihu, na riga shi. Na ce za ta ɓata farar riga. Na cusa ta cikin jakar hannuna da niyyar jefar da ita a tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari, sannan na ƙara masa da karatu: idan mun je ya zauna kawai, kada ya taɓa komai, duk abin da yake so ya gaya mini. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau tana zuwa mini idan ina salla.

Haka kuwa aka yi. Ya zauna a inuwa kamar hoton bango, hannayensa masu kaushi a cikin hannun riga. Abokan aikina suka gaishe shi, na fassara, ya yi murmushi, suka wuce.

A ƙarshen filin gidan akwai wurin wanka irin wanda ba a haƙa masa rami, ƙaton kwano na leda mai ƙafafun ƙarfe, ruwan ya kai mini ƙirji. Bernar, mijin Madam Odil, yana gefensa yana gumi. Ya sayo na'urar da ke yawo a ƙasan ruwa da kanta tana tsotse datti, amma tiyonta ya ƙi zama a bakin bututun da ke jikin bangon. Faɗin bakin bututun milimita talatin da biyu ne, na tiyon talatin da takwas. Da ya sa, sai ya zame.

Madam Odil ta ɗaga kofinta ta ce, "Bernar, bar wahalar da kanka, ga sabuwar dakta a fannin."

Da mai hankali ce ni, da na yi dariya na ci gaba da cin salak. Amma na ga Baba yana kallo, kuma duk bayanin da na yi ranar kare digiri da Faransanci na yi shi, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Na ce yau zai ga abin da albasarsa ta haifa. Na miƙe cikin leshina ruwan zuma, na zagaya kwanon sau ɗaya, na yi wa jama'a ɗan gajeren darasi (har da lissafi, Allah ya yafe mini). Na ce maganin mai sauƙi ne: a manta da bakin ciki, a cire tiyon waje da ke tafiya wurin famfo, a haɗa na na'urar kai tsaye.

Na karɓi sukundireba na kwance ɗaurin. Daga bayana na ji Baba ya ce a hankali, "Uwata, ramin fa yana ƙasan ruwa." Na yi kamar ban ji ba, na fizge tiyon.

Abin da ya biyo baya yana cikin darasin farko na shekarar farko. Ruwa ya fito da kaurin hannu ya doke ni a ciki. Na danne ramin da tafukana biyu, ya ɓullo ta tsakanin yatsuna ya wanke mini fuska, ɗankwalina ya sauko bisa ido ɗaya. Bernar ya ruga gareji neman marfin da ya ce ya tabbata ya gani bara. Wani abokin aikina, shi ma dakta, ya kawo mini tawul.

Sai na ji inuwa a kaina. Baba ya naɗe hannun farar rigar har kafaɗa. Ya zazzage burodin da ke cikin wata leda a kan tebur, ya zura hannu cikin ruwan, ya shimfiɗa ledar a bakin ramin ta ciki. Ruwan da kansa ya manne ta. Ya mayar da tiyon waje ya ɗaure, ya kashe famfon, ya dubi bakin bututun, ya dubi tiyon na'urar, ya gwada su da babban yatsa.

"Ƙaramin ne za a yi wa ƙiba," ya ce. "Uwata, ina robar nan?"

Allah ya sa na manta ban jefar ba. Amma hannuwana jiƙe suke, jakar kuma tana can kusa da Madam Odil. Dole na roƙe ta ta buɗe. Ta fito da jan-baki, ta fito da katin taram, sannan ta fara jawo baƙar roba, tana ja tana ja kamar ba za ta ƙare ba, mutum goma sha suna kallo.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta babana ce," na ce. "Ni na ƙwace masa."

Baba ya nannaɗa robar a bakin bututun yana ja da ƙarfi, zagaye bisa zagaye, har ya yi kauri. Kafin ya haɗa, ya nutsa tiyon na'urar gaba ɗaya sai da kumfa ta daina fita. "Faɗa wa maigidan famfo ba ya son iska," ya ce mini. (Shafi arba'in na rubuta a kan wannan jimlar.) Ya murɗa tiyon ya shige daram, ya ɗaure da sauran robar, ya ce a kunna. Na'urar ta yi ƙat-ƙat-ƙat ta kama tafiya a ƙasan ruwa.

Bernar ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya tambaye ni ko injiniya ne. Na ce a'a, manomin albasa ne, shekara talatin yana ban-ruwa, kuma da ita ya yi mini karatu. Nan take aka kewaye shi. Madam Odil ta ja shi ya duba mata tumatirinta, ya gaya mata tana kashe su da ruwa, ni kuma ina biye da su cikin rigar wankan aro ina fassara.

A taram, rigarsa duk shatin baƙar roba, ya ce, "Mi kika ce masu da farko?"

Na sunkuyar da kai.

"Na dai san ba albasa kika ce ba. Mutum ya zauna awa biyu ba wanda ya tambaye shi albasa?" Ya yi dariya har da tari, sannan ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina 'yar firamare. "Jawabinki na ranar nan ban gane ba, Uwata, amma na ga yadda tsofaffin nan suka yi tsit. Ya ishe ni."

Yanzu a Paris nake aiki, kuma akwai roba a jakata kullum, kusa da jan-baki. Darasin da na samu guda biyu ne, ba ko ɗaya a kundina: kafin ki cire tiyo, ki duba inda ruwa ya tsaya. Kafin kuma ki tashi gyara abu, ki tabbata ya lalace. Baba dai lafiyarsa ƙalau na ɗauko shi.