Na Je Kaduna Taya Lauya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka abokina Kaduna neman lauya ba. Har yau idan na tuna, ko a tsakiyar kasuwa nake, sai na ji kamar in ja hulata in rufe fuska.

Ni dillalin hatsi ne. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina kai da kawowa tsakanin kasuwar Dandume da ta Funtuwa, in haɗa mai masara da mai mota, in karɓi la'adata in kama gabana. Abu ɗaya nake taƙama da shi a duniya, shi ne ciniki. Ban taɓa sayen kaya a kuɗin da aka fara faɗa mini ba. (Ko maganin ciwon kai na je saye sai na taya. Mai kemis ɗin unguwarmu ya daina mamaki, in ya hango ni sai ya ƙara hamsin a kai don ya samu abin rage mini.)

Abokin nawa sunansa Emeka. Iyayensa daga kudu suka zo, amma a Funtuwa aka haife shi, benci ɗaya muka zauna a firamare. In kana jin sa a waya ba ka cewa ba Bakatsine ba ne. Yana da shagon iri da maganin feshi, manoman Dayi da Malumfashi duk sun san shi. Matarsa Nkechi, wadda muke kira Maman Chidi, atamfa take sayarwa, kuma aminiyar maiɗakina Binta ce. Tare suke adashi, tare suke zuwa suna da biki.

Abin da ya haɗa su faɗa gida ne. Sun tara kuɗin gini, shi yana so a yi a Funtuwa inda aka binne cibiyarsa, ita tana so a yi a garinsu na asali. Magana ta yi zafi, ya faɗi abin da bai kamata ba, ita ma ta mayar. Washegari ta ɗauki autarsu ta tafi gidan yayarta a Kaduna. Sati shida ba wanda ya kira wani.

Ran nan ya zo rumfata ya zauna a kan buhu, duk ya rame. Ya ce, "Mutumina, na gaji. Rabuwa zan yi da ita."

Na ce, "To ka rubuta mata takarda mana."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Namu ba irin naku ba ne. A coci aka ɗaura, aka sa hannu a rajista. Sai babbar kotu ce za ta raba, kuma sai da lauya. Ba na so in nemi na nan, kafin la'asar duk gari ya ji. Kaduna zan je. Sai dai an ce lauyoyin can akwai tsada."

A nan ne aboki na kirki zai ce, "Haba Emeka, shekara goma sha bakwai da 'ya'ya uku, saboda gini?" Ni ban ji komai a maganarsa ba sai kalmar tsada. Kunnena ya miƙe. Na buga ƙirji na ce, "Wace tsada? Ka tafi da ni. In ban sa an rage maka rabi ba, ka canza mini suna."

Ranar Laraba muka hau mota. Na sa babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, don kada a raina mu.

Ofishin yana hawa na uku a wani dogon bene. Sanyin na'ura ya buge ni tun daga ƙofa, kujeru masu laushi, ga wata budurwa a bayan tebur tana danna kwamfuta. Ta miƙo takarda da biro ta ce a cike. Emeka ya tsaya yana jujjuya takardar, sai na karɓe. Inda aka ce a rubuta suna, na rubuta nawa da manyan baƙaƙe, na sa hannu a ƙasa. (Na ɗauka irin littafin baƙi ne da ake ajiyewa a ƙofar sakatariya.) Ta ce ganin Barista naira dubu hamsin ne a awa, ana biya in an fito.

"Ganin kawai?" na ce. "Ashirin."

Ta ɗago ta dube ni. "Ashirin me, Alhaji?"

"Na taya ashirin."

"Ba a ragi a nan." Ta koma kan kwamfutarta. Na raɗa wa Emeka cewa kada ya damu, yaran shago ba su da ikon sallamawa, sai an ga mai kaya.

Barista mace ce, za ta yi shekara hamsin, da tabarau, Hausarta tas. Ta saurari Emeka na ɗan lokaci, sannan ta yi bayani a natse. Ta ce idan mata da miji duk sun amince, ba jayayya a kan 'ya'ya ko dukiya, aikinta zai kama wajen dubu ɗari takwas, ban da kuɗin shigar da takardu. Idan kuwa ana jayayya, daga miliyan biyu ake farawa, kuma duk zaman kotu da kuɗinsa, shari'ar tana iya cin shekara biyu.

Na lissafa a zuci, na ga masarar da za ta cika ƙaramar mota. Na gyara zama.

To, a sana'armu akwai dabara. In kana so kaya su sauko, sai ka kushe su. Ka damƙi masara ka ce da danshi, ka watsa a tafi ka ce ƙwari sun fara shiga. Sai na yi wani tunani da a lokacin na ga kamar hikima ce: idan na nuna wa Barista cewa laifin matar a fili yake, ko yaro ya gani ya san mai gaskiya, ai aikin ya zama ɗan kaɗan, dole kuɗi su sauko.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan aikin ba wahala. Zama ɗaya alƙali zai yanke. Matar nan kowa ya san halinta. Faɗa gare ta, in ta ɗaga murya har bakin titi ana ji."

Barista ta rubuta. Na ga biro na tafiya, sai na ji daɗi, na ƙara wuta.

"Kuma tana ɓoye kuɗi. Ni na san ta sayi fili a ɓoye."

"A ina?"

"Can... wajen hanyar Zariya." (Wallahi ban san inda na samo filin nan ba. Bakina ne ya yanka shi, ya kafa masa duwatsu.)

"To, sai an yi binciken takardun fili," in ji ta. "Wannan aiki ne daban, da kuɗinsa daban." Ta rubuta wata lamba a gefe.

Na ga abin ya hau maimakon ya sauka, amma ban hankalta ba. Na ce ai har jifarsa ta taɓa yi da tukunya. Barista ta ce wannan babbar magana ce, ana bukatar takardar likita da shaidu, kuma shari'ar ta koma ta jayayya ke nan. Ta sake rubuta lamba. Ganin na rasa abin kamawa, sai na ce ko girki ba ta iya ba, miyarta ruwa ce tsululu.

Barista ta cire tabarau. "Miya ba ta cikin abin da kotu ke dubawa. Amma fili da tukunya, tunda kai ka gani, kai ne babban shaidarmu. Za ka zo kotu, ka yi alwala, ka dafa Alƙur'ani ka maimaita."

Sanyin ɗakin nan duk ya ɓace. Gumi ya fara bin bayana. Ina neman yadda zan ce ai ba da idona na gani ba, sai na ji kujerar kusa da ni ta motsa. Emeka ne ya miƙe tsaye.

"Wace Nkechin kake magana?" ya ce. "Wace tukunya? Matar da ko cokali ba ta taɓa ɗaga mini ba? Shekarar da ruwa ya shiga shagona ya lalata iri, wa ya sayar da sarƙarta da atamfofinta ya tayar da ni? Ita za ta ɓoye mini fili?"

Na taɓa ƙafarsa da tawa, ina ƙifta masa ido, wai ya gane dabara ce. Ya janye ƙafar.

"Kuma miyar da kake zagi, duk Kirsimeti kwano biyu kake shanyewa, har ka ce a zuba wa Binta a kula. Kai ko kunya ba ka ji?"

Barista ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Ku yi mini haƙuri, na ɗan rikice. A cikinku wane ne yake son a raba auren nan?"

Emeka ya share ido da bayan hannu, ya ce mata, "Na gode, ranki ya daɗe. Gidan yayar matata ba nisa daga nan." Ya buɗe ƙofa ya fita, ko waiwayata bai yi ba.

Barista ta rufe littafinta tana murmushi. Ta ce dama doka ta ce a fara neman sulhu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi sauri kamar wannan ba.

A waje budurwar nan ta tare ni. Mun yi awa ɗaya da minti ashirin, kuma a wurinsu awa biyu ke nan. Dubu ɗari. Na ce ai mai shari'ar ya tafi, ni rakiya na yi. Ta juyo da takardar ta nuna mini sunana, da manyan baƙaƙen da na rubuta da hannuna. Na ce saba'in. Ba ta ko ɗago kai ba, ta turo mini lambar asusu. Na biya cif, karo na farko a rayuwata, na sauko bene ina riƙe da babbar riga. Ni kaɗai na hau motar Funtuwa. Abin da na riƙa lallashin kaina da shi a hanya shi ne, ai abin ya tsaya tsakanin mutum uku, kuma lauya ba ta tona asiri.

Na manta da cewa in mata da miji suka shirya, hira suke yi.

Bayan sati uku aka aiko mana da gayyata: Maman Chidi ta dawo, za a yi ɗan cin abinci ranar Lahadi da rana. Sun daidaita, za a yi babban gida a Funtuwa, a yi ɗaki biyu a garinsu. Binta ta ci ado muka tafi. Tsakar gida cike, ga dattawan ƙungiyar garinsu, ga yayarta daga Kaduna, ga maƙwabta, ga matan layin 'yan atamfa, har da Alhajin da nake yi wa dillanci. Emeka ya rungume ni kamar ba abin da ya faru. Hankalina ya kwanta, na zauna na ci shinkafa.

Da aka gama, Maman Chidi ta miƙe ta yi godiya ga Allah da dattawa. Sannan ta ce akwai mutum ɗaya da ba don shi ba da auren nan ya mutu, tana so ya tashi kowa ya gan shi. Ta kira sunana.

Aka yi tafi. Na tashi, na gyara riga, har da ɗaga hannu ina gaida jama'a kamar ɗan takara. (Wannan ɗaga hannun ya fi komai ci mini rai.)

Ta bari tafin ya lafa. Sannan ta ce, cikin ladabi, "Malam, tunda ga jama'a, ina roƙon alfarma. Filin nan da na saya a ɓoye a hanyar Zariya, don Allah ka kai ni in gani. Tunda gini za mu yi, sai mu huta da sayen wani."

Sai dariya ta ɓarke daga ɓangaren mata. Ashe duk sun sani.

"Sai tukunyar da na jefe shi da ita. Ta ƙarfe ce ko ta ƙasa? Na duba kicin ban ga wadda ta lotse ba."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Maman Chidi, ai ciniki ne."

"Cinikin me?"

"In ana so a rage kuɗi... sai an ɗan kushe kaya."

Ta riƙe haɓa. "Au, ni ce masarar?"

Wani dattijo ya ƙware da lemo, sai da aka bubbuga masa baya. Alhajina ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar fili, na rasa inda zan sa hannuwana. Ta shiga kicin ta fito da kwanon miya, ta ajiye a gabana da kanta, ta ce, "Ga ruwan tsululun. A sha a hankali, akwai ƙari." Na zauna na sha, don ban ga wata hanyar fita ba. Miyar kuwa ta yi daɗi, abin haushi.

A hanyar gida Binta ta bari sai da muka kusa ƙofa. Sannan ta ce, "Malam, ni in an je gaban lauya, me za ka ce na jefe ka da shi? Ka faɗa mini tun yanzu in tanada."

Abin da na koya, kuma na biya kuɗin makarantarsa dubu ɗari ba ragi, shi ne idan aboki ya ce ya gaji da matarsa, ba shaida yake nema ba, wurin zama yake nema ya huce. Duk abin da ka faɗa a kanta ranar Laraba, da bakinsa zai kai mata kafin Lahadi, suna dariya. Watan jiya wani abokin ya zo rumfata ya fara, "Ni fa matar nan ta ishe ni." Na ce, "Allah ya daidaita ku," na sayi rake na cika bakina da shi har ya gama ya tafi.